Hamsin da Biyu

Ranar da aka liƙa sakamako a Dundaye
zafin Sakkwato ya narkar da gam,
takardar ta saki kunne ɗaya tana lilo,
mu kuwa mun yi cincirindo kamar ranar rabon taki.

Sahabi ya bi layi da yatsa:
hamsin da biyu a ilimin sinadarai.
Ya daka tsalle har silifas ya tsinke,
ya ce yau shayi da ƙwai a wuyansa.
Ai malaminsu ya faɗa tun ranar farko,
saba'in tana can inda tsani bai kaiwa,
wanda ya ga hamsin ya yi sujada.

Na tsallaka ginin da ke bayan dalbejiya
inda aka liƙa namu na sashen Hausa.
Hamsin da biyu.
Tagwaye ne, ciki ɗaya, rana ɗaya,
amma tawa ba wanda ya yi mata guɗa.

"Hausa fa, Labbo?" in ji Sahabi.
"Da ita kake mafarki,
da ita kake taya tumatir a Tsohuwar Kasuwa,
yaya za a yi kifi ya faɗi jarrabawar iyo?"

Ban ce masa komai ba.
Bai san Dakta Arzika ba,
mai jan biro kamar wuƙar mahauci,
wanda ya yanke min maki biyar kan ƙugiya ɗaya,
ya rubuta a gefe: ka mai da ƙafa kafa,
da me za ka taka zuwa aji na gaba?
Bai taɓa zama yana ƙirga gaɓoɓi har asuba ba,
wannan mai nauyi, wannan marar nauyi,
bai taɓa jin kalmar da ya sha da nono
ta juya masa baya a ɗakin jarrabawa ba.

Kulu kuma, ɗiyar maƙwabtanmu a Runjin Sambo,
arba'in da tara ta samu a karatun likita.
A wajenmu wannan tudu ne, ka tsaya ka huta,
a wajensu rijiya ce.
Maki ɗaya ya cinye mata shekara,
ta shiga bas tana kallon taga,
ba ta ko karɓi canjinta ba.

A gadar Kwalkwalawa na sauka.
Baba yana fadama, laka har gwiwa,
yana kora ruwa cikin fangalin albasa.
Na faɗa masa lambar, na faɗa masa ta Sahabi,
na faɗa masa har da maganar kifi.

Ya daɗe bai ɗago ba.
Can ya ce, "Wanda bai noma albasa
shi ka cewa ruwa ce da rana.
Mai gero na ganin na huta,
ni ina ganin shi ad da hutu, tunda sama ka yi mai ban ruwa.
Riƙe min tiyon ga."

Na riƙe.

Da dare, bayan an ɗauke wuta,
muka yi musayar littafi a teburin mai shayi.
Nasa cike da zane kamar saƙar zuma,
na juya shi sama, na juya shi ƙasa,
ban gane ƙofar shiga ba.
Na ba shi sunansa, na ce ya sa masa karin sauti.
Sau uku yana kiran kansa a hankali,
Sahabi, Sahabi, Sahabi,
kamar mai neman yaro a kasuwa.

Mai shayi ya gaji da jira,
ya ce kofi biyu, ƙwai huɗu,
bai tambayi sashen kowa ba.
Sahabi ya laluba aljihu, ya dube ni.
Ni na biya.